Kuskure Ɗaya a Aiki Biyu

A shekarata ta uku ina koyar da ilimin kwamfuta a wata kwaleji ta wajen Chanchaga, ɗalibai biyu suka kawo mini aiki iri ɗaya sak. 'Yar ƙaramar manhaja ce mai jera sunaye bisa maki, kuma a duka biyun sunan ƙarshe faɗuwa yake yi. Amsa daidai kan zo ɗaya, amma ban taɓa ganin mutum biyu sun yi tuntuɓe a layi guda ba. Dokarmu kuwa gajera ce: wanda ya kwafa, kora.

Ɗayar 'yar Kuta ce, ba ta da kwamfuta. A littafi take rubutawa, sannan ta ari ta abokin karatunta ta buga. Abokin nan nata shi ne na biyun. Aikin yana cikin na'urarsa har da kwanan wata, ita kuwa ba ta da komai sai littafi mai goge-goge.

Shugaban kwamitin ladabtarwa dattijo ne malamin tarihi, mai girmama kwanan wata. Ya ce magana ta ƙare, ita ta kwafa. Na roƙa a ba kowannensu alli da rabin allo, su sake rubuta aikin a gabanmu. Ya yarda, yana duban agogo.

Nan na kusa yin nadama. Saurayin ya zubo layi talatin da haddar da ko alaramma zai yaba, ya kaɗe hannu. Ita tana layi na tara, ta rubuta ta goge. Dattijon ya riga ya cire murfin biro. Fankar ɗakin ta tsaya, ba wanda ya motsa.

A layi na goma sha biyu ta daɗe tsaye. Sannan ta juyo gare ni.

"Malam, a nan na yi kuskure. Ƙirgar tana tsayawa kafin mutum na ƙarshe."

Ta gyara.

Na ce wa saurayin ya nuna mana wurin a nasa. Ya karanta daga sama har ƙasa sau biyu, ya rantse bai manta ko waƙafi ba. Gaskiya ya faɗa.

Dattijon ya jawo takardar korar saurayin, ya ture tata gefe.

A baranda ta tambaye ni ko zan rage mata maki saboda kuskuren. Na ce biyu.