Goron da Malam Langalanga Ya Kai Dapaong

A Zongon Sokodé, in baƙo ya tambayi rumfar Alassani maƙeri, sai an ɗan yi tunani kafin a nuna masa. In kuwa ya ce Malam Langalanga, har mai sayar da koko za ta miƙa ludayi ta ce ga ta can, bayan masu gyaran moto, wato babur. Alassani ba ya jin haushin sunan, don da hannunsa ya ƙera mai sunan.

Ƙirarsa ta gwangwani ce da langalanga: bokiti, murhun gawayi, mazurari, akwatin amare. Ba gado ya yi ba. Kakansa bafatake ne mai safarar goro, wanda ya yada zango a Sokodé bai ƙara gaba ba. A gindinsa Alassani ya koyi zaɓen goro da ɗaure shi a ganye, kafin a kai shi wurin wani maƙeri ya koyi sana'a. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya mata, ya aurar da su, matarsa ta rasu. Daga nan maganarsa, wadda da ma ba ta da yawa, ta ƙara ƙanƙancewa. Mai ciniki zai zo ya taya bokiti, ya rage, ya ƙara, ya biya ya tafi, bai ji daga bakin Alassani abin da ya wuce "albarka" da "madalla" ba.

A haka Nourou ya same shi. Nourou mai ɗaukar hoton biki da suna ne, ya tara abokai suna shirya wasan barkwanci na tele, wato talabijin, mai suna Baƙin Tauraro. Labarin wani kumbo ne daga wata duniya da ya lalace ya faɗo kusa da kasuwar shanu, mutanen cikinsa suka tsaya koyon zaman Zongo kafin su samu kayan gyara. Akwai Kyaftin, wanda Karim mai shagon waya ke fitowa a matsayinsa. Ana kuma buƙatar mutum-mutumin ƙarfe, ɗan aiken Kyaftin. Alassani ya ƙera shi daga ragowar langalanga, ya yi masa kai da bokiti, idanu da fitilun moto, aka sa masa suna Malam Langalanga. Da yake a jikinsa ya yi awo, babu wanda rigar ta shiga sai shi.

Abin da ya faru da ya sa bokitin a kansa, shi kansa bai san da shi ba. Baki ya buɗe. Ya yi wa Kyaftin ba'a, ya yi ciniki da Fulani, ya koya wa tunkiya gaisuwa. Wani ƙaramin gidan tele ya karɓi wasan, wayoyi suka kai shi har Gando da Mandouri.

Sharaɗi guda yake da shi a wurin aiki: ba ya taɓa kayan bogi. In labari ya ce tuwo, to a tuƙa tuwo. Ranar da Nourou ya kawo kazar roba, Alassani ya cire bokitin daga kansa ya zauna a inuwa har sai da aka aro kaza mai rai.

Saboda jajayen duwatsun da ke bayan garin Dapaong, waɗanda a hoto suke kama da wata duniyar, ƙungiyar kan je garin ɗaukar wasa. A can Salwa ke dafa musu abinci. Bazawara ce, uwar ɗa guda mai suna Rashid, tana sayar da wake da shinkafa a ƙofar gidan ƙanen mahaifinta, Baba Mahama, tsohon dillalin shanu. Duk zuwa sai Alassani ya riƙo mata wani abu: yau murhu, gobe mataci, jibi marfin tukunya da ba ta ce tana buƙata ba. Zai ajiye ya ce, "Maman Rashid, ga wannan," ya juya.

"Maƙeri," in ji ta wata rana, "madafata ta cika da ƙarfe har ban da wurin tsayawa. Ba ka da wani abin kawowa ne?"

Ya ce zai duba. Zuwa na gaba ya kawo mazurari.

Sai aka zo kan kashin wasan da ya sa ake ba da labarinsa. A cikinsa Kyaftin ya kamu da son wata budurwa, ya ji cewa a nan duniya da goro ake neman aure, ya aiki Malam Langalanga ya kai. Na'urar gane hanya ta ɗan aiken ta rikice, ya kai goron gidan mai abinci. Uban gida zai koro shi da sanda, budurwa ta yi fushi, mai abinci ta fara yi wa Kyaftin yanga. Salwa ta yarda ta fito a mai abincin, ta kuma ba da aron zauren gidansu.

Nourou ya ce a cika ƙwarya da duwatsu a rufe da ganye, ba wanda zai gani. Alassani ya ƙi yarda. Ya tafi kasuwa ya zaɓi goro, fari da ja, manya marasa tabo, ya wanke, ya jera, ya ɗaure shi ɗaurin da kakansa ke yi wa goron neman aure. Ba shi da wani ɗaurin da ya fi wannan kyau, shi kuwa ba ya yin aiki rabi.

Da hantsi aka kafa kyamara. Wanda zai fito a uban gida yana tahowa daga Gando, motarsu ta lalace a hanya. Rana na ɗagawa, Alassani na dahuwa cikin ƙarfe. Baba Mahama kuwa yana zaune a zaurensa kan buzu, inda yake zama kullum. Nourou ya durƙusa ya roƙe shi ya ci gaba da zamansa kawai, a ɗauki shigowar ɗan aike, sauran a ƙarasa in mutumin ya iso.

"Zama dai?" in ji tsohon. "Shi nake yi tun da ƙafa ta ƙi kasuwa."

Maƙwabta sun cika ƙofa, har da dattawan masallacin unguwa. Malam Langalanga ya shigo yana ƙaraurau, ya durƙusa da ƙyar, ya ajiye ƙwarya.

"Salamu alaikum, Baba. Kyaftin ne ya aiko ni. Ya ga 'ya a gidan nan, yana roƙon a ba shi."

Baba Mahama ya jawo ƙwaryar. Ya dubi ɗaurin ya daɗe. Ya kwance ganye, ya ɗauki goro guda ya juya shi a hannu. Sannan ya ɗaga tafukansa ya ce, "Fatiha."

Duk wanda ke wurin ya ɗaga hannu. Nourou ya ɗaga a bayan kyamara, Alassani ya ɗaga hannuwansa na gwangwani. Ba a katse Fatiha a tsakiya, ko da kai ne mai wasan. Ana shafawa, tsohon ya tura ƙwarya gaban dattawa, kowa ya ɗauka, aka miƙa wa na waje, aka shigar wa mata cikin gida. Kafin Nourou ya haɗa kalmomin da zai faɗa, sai ganye ya rage.

Kafin azahar Zongon Dapaong kaf ya san an karɓi goron Salwa, kuma Kyaftin ne mai nema. Kowa ya san Kyaftin Karim ne. Karim kuwa an riga an sa ranarsa da wata Jannat a Sokodé, kuma labari ya riga motar haya isa can. Wayarsa ta yi ta ruri. Ya ɗauka, ya nisanta ta da kunne, duk da haka na kusa suna jin muryar Jannat: "Kai da tauraron naka! Ka zauna can ka ci wake har ka mutu!"

Alassani bai yi dariya ba. Ya san abin da zai biyo baya. In aka bi gida gida aka ce goron wasa ne, Karim zai lallashi Jannat ya wuce, Nourou zai koma Sokodé. Salwa ce za ta zauna a ƙofar nan tana zuba abinci, ana nuna ta ana cewa ga wadda aka yi wa Fatihar wasa. Mace mai ɗa, mai sana'a a bakin hanya, ba ta wanke irin wannan suna da wuri. Kuma shi ya ɗaura goron.

Bayan la'asar Baba Mahama ya kira su zaure. Alassani ya zo da rigar ƙarfensa, don tun safe hankalin kowa ya tashi ba a samu mai kwance masa wayoyin baya ba. Bokitin ma ya mayar da shi kansa a ƙofa, wai kada yara su ɗauka. Salwa na bayan labulen ƙofar cikin gida.

"Baba, na gaya maka wasa ne," in ji Nourou.

"Ka gaya mini. Ka ce in zauna, na zauna. Amma goro ya shigo zaurena da ɗaurin neman aure, a gaban maƙwabtana. Ni tun da aka haife ni ban san abin da ake yi wa irin wannan goro ba sai Fatiha." Ya juya ga Karim. "Kai ne Kyaftin. Kana so?"

"Baba, ka rufa mini asiri. Wadda nake da ita ma yanzu ban san ko ina da ita ba."

"To kai ka sayi goron?"

"A'a."

"Kai ka ɗaura?"

"Ko igiyar takalmi ban iya ɗaurawa da kyau ba, Baba."

"Ashe sunanka kawai aka ara." Tsohon ya dubi tulin ƙarfen da ke durƙushe a gefe. "Na yi shekaru ina karɓar goron 'ya'yan mutane. Mai wasa ba ya zaɓen goro haka. Kai, na cikin bokiti, goron nan na wa ne?"

Cikin bokiti magana ba ta yi wa Alassani wuya. Ya gyara murya irin ta Malam Langalanga ya fara, "Ranka ya daɗe, na'urata ta nuna cewa..."

"Baba," in ji Salwa daga bayan labule, "a ce masa ya cire. Bokiti ina da su da yawa, shi ya kawo mini. In mutum ne ke da magana, in ji ta daga bakin mutum."

Alassani ya kai hannu ya ɗaga bokitin, ya ajiye shi a gabansa. Gumi ya jiƙa masa gemu. Ya dubi buzun tsohon, ya dubi ganyen goron da har yanzu ke cikin ƙwarya.

"Nawa ne, Baba," ya ce. "Da na tsaya zaɓe a kasuwa, ba Kyaftin nake tunawa ba. Na daɗe ina so in faɗa. In Maman Rashid ta yarda, ni ne mai nema."

"Bazawara ce, bakinta a hannunta yake. Salwa, kin ji."

"Na ji, Baba. Na yarda. Amma wancan goron an ci shi da sunan wani. A kawo nawa da sunansa, kuma manyansa su kawo. Ina aka taɓa ganin mutum ya ɗauko goron kansa, balle cikin gwangwani?"

Baba Mahama ya yi dariya har da tari. Ya aika aka gaya wa dattawan masallaci cewa Fatiha na nan daram, sunan mai nema ne ɗan aike ya rikita, kamar yadda ya saba a tele. Unguwa ta karɓi wannan bayani da murna, don kowa ya san halin Malam Langalanga.

Goro na biyu yayyen Alassani ne suka kawo daga Sokodé, Karim na riƙe da ƙwarya. Jannat ce ta ce lallai shi zai ɗauka, kowa ya gani da idonsa cewa ɗan rakiya ne. Nourou ya nemi izinin Baba Mahama da na Salwa, ya bar hoton zauren yadda ya faru, ya sauya ƙarshen labari: Kyaftin ya auri budurwarsa, ɗan aike ya auri mai abinci. A Dapaong har yau in ana hirar Baƙin Tauraro, wannan kashin ake fara ambata, kuma akwai dattawan da ke nuna hannunsu a hoton suna cewa ga su nan lokacin da suke ɗaukar goro.

Salwa ta tare a Sokodé, ta kafa tukunyarta kusa da rumfar ƙira, kan murhun da ya fara kai mata. Alassani na nan yana ƙera bokiti, yana sa rigar ƙarfe in an zo ɗauka. Masu ciniki sun ce yanzu yakan ja magana, har ya tambayi mutum lafiyar gida. In ya yi shiru ya daɗe, Salwa kan leƙo daga wurin tukunya ta ce, "Maƙeri, ko in ɗauko maka bokitin ne?"

"Bar shi a rataye," yakan ce. "Zan faɗa da bakina."