Waƙafin da Madam Rahila ba ta sa ba

"Sana'a?" in ji majo, mai rajistar marasa lafiya, biro a hannu.

Na ce, "Ina da lisans, digirin jami'a, a adabi."

"Ba shi na tambaya ba, 'yata."

Sai ya rubuta "'yar kasuwa". Bai yi ƙarya ba.

Wata huɗu ba ku ji ni ba. Ga dalili.

Mu da ke kwana da maza don mu ci abinci a Damagaram muna da grup a intanet. A ciki muke ajiye lambobin mazan da ke duka, da masu cire kwaroron roba da ƙarfi. Kafin ki amsa kira, ki duba.

Madam Rahila, ma'aikaciyar jinya, ita ke kawo mana roba da magani. Ranar Lahadi bayan coci ta rubuta: "Sabbin kaya sun iso yan mata daga Tirmini da Hamdara ku zo ku dauka."

Babu waƙafi ko ɗaya. Na'urar kamfanin da ke da dandalin ta karanta cewa 'yan matan ne kayan. Aka rufe grup da shafukanmu duka, saboda safarar mutane. Na rubuta musu bayani da Faransanci mai kyau. Amsar ta ce suna kare mata irina.

Bayan mako biyu wani ya kira. Babu inda zan duba. Na same shi a unguwar Zango. Ya cire robar da ƙarfi. Daga baya Hadiza, ƙawata, ta ce, "Wayyo, ai yana cikin jerin."

Ciwon mara ya fara. Sai zazzaɓi, sai wari. Na sha ƙwayoyin mai tebur kwana goma, har na kasa miƙewa.

A likita, wato asibiti: analis na jini, hoton eko na ciki, ƙarin ruwan sarum jaka bayan jaka. Na sayar da firji na sayi odonas, magungunan da aka rubuta mini. Dokta ya ce, "Mugunya ta cika. In ba mu buɗe ba yau, gobe ba ke za mu yi wa magana ba."

Na ji tsoro. Ba na mutuwa ba, na wanda za a kira ya ɗauki gawa.

An cire bututun mahaifa biyu. Ba zan haihu ba. Innata tana zaton afandis ne, ciwon hanji, ta ce, "Allah ya sa kaffara ne."

Na warke, in ji takarda.

Na gode wa Hadiza da ta wanke ni. Na gode wa dokta.

'Yan'uwa, ku kwafe lambobin a littafi da hannu. Ciwon mara da zazzaɓi kada ya wuce kwana biyu. Wannan shafin ma ba zai daɗe ba.

Jiya na je wankin ciwo na ƙarshe wurin Madam Rahila. Ta ce, "Ki yafe mini, ƙanwata." Na ce ba ita ta karanta ba.

Wayata ta yi ƙara. Baƙuwar lamba.

"Kada ki ɗauka," ta ce.

Na ja mata ƙofar, na amsa kiran, na fita neman kabu-kabu.