Darasi Biyar da Malama Profira Ta Ɗauka

"Malama, ki je ki huta. Kafin dusar ƙanƙara ta sauka zan turo wa makarantar nan cikakken malamin lissafi." Maganar Octav Dobrin ke nan, sufeton ilimi na gundumarmu, a gaban iyayen yara, shekara biyu da suka wuce. Dusar ta sauka ta narke, ta sake sauka. Ranar Talata, 4 ga Fabrairu, Allah ya karɓi ran Malama Profira Vasilache tana da shekara saba'in da tara, malamin bai iso ba.

Malama, godiya na zo yi miki, zan komo kan Octav daga baya. Ni ce Smaranda, wadda kika mayar bencin gaba saboda surutu, yau kuma nake riƙe da ɗakin karatun ƙauyenmu ina hana mutane surutu.

Duk wanda ya ratsa ajinki ya san yadda kike yi da lamba mai ɗigo. Kin hana mu karanta ta kamar lambar waya. In aka rubuta 0.75, sai ki ce mu kira ta da sunanta: saba'in da biyar bisa ɗari. Daga nan sai mu tuɓe mata kayan sanyi, mu yi ta raba sama da ƙasa da lamba guda har sai babu abin cirewa, ta tsaya a uku bisa huɗu. Ran Juma'a kina zuwa da faranti na placinta, faffaɗar wainar fulawar nan mai cuku. Wanda ya yi lalaci ya tsaya a sha biyar bisa ashirin, ba kya yi masa faɗa. Wuƙa kike miƙa masa ya yanka wainar gida ashirin, ya ga yadda abinci ke komawa marmashi a hannunsa. Na karanta littattafai da yawa bayan haka, ban sami wanda ya bayyana abin fiye da farantin nan ba.

Kin riga kin yi ritaya lokacin da aka kira taron iyaye. Octav, wanda shi ma ajinki ya zauna, ya miƙe da lakataye ya sanar cewa an ware wa makarantarmu gurbin malamin lissafi 0.375. Iyaye suka yi ta gyaɗa kai. Kawu Ilarie mai kiwon zuma har da tafi.

"Ɗari uku da saba'in da biyar! Kai, yaron nan ya yi mana ƙoƙari."

Kika dogara sandarki kika nufi allo.

"Octav, zo nan."

"Malama, ai taro muke yi."

"Na gani, ban makance ba. Karɓi alli. Sifili nawa za ka sa a ƙasa?"

"Uku, Malama."

"Ashe ba duka ka manta ba. Raba da biyar. Kada ka kalli Smaranda, yau ba za ta nuna maka ba."

Ya rubuta yana gumi: saba'in da biyar bisa ɗari biyu, sha biyar bisa arba'in, uku bisa takwas. Kika juyo gare mu.

"To, Ilarie, ga ƙoƙarin da kake wa tafi. Cikin kowane darasi takwas, uku ne yaranku za su ga malami. Sauran biyar su kalli bango."

A ranar ya yi alƙawarin da na buɗe takardar nan da shi. Ba ki yi masa gardama ba, ba ki kuma huta ba. Malamin da aka haɗa mu a kansa da wasu ƙauyuka biyu yana zuwa ya yi ukunsa, ke kuma kika ɗauki biyar ɗin da suka rage. Kina hawa gangaren makaranta da sanda cikin laka. Da ƙafa ta ƙi, kika ce yaran su zo ɗakin girkinki, suka zagaye murhu kuna lissafi a kan teburin da kike kwaɓa fulawa. Ba ki karɓi komai ba. Ƙwan da iyaye suke kawowa, dafawa kike yi ki ba 'ya'yansu. 'Yata Ilinca daga teburin nan ta ci jarrabawar shiga sakandare, yanzu burinta ta yi karatun haɗa magunguna. Ranar da sakamako ya fito na zo miki da kuka, kika ce in share hanci in taya ki ɓarar wake.

Mun gode, Malama. Kin koya mana kada mu tafa wa lamba sai mun ga abin da ke cikinta. Allah ya jiƙanki, ya yafe miki, ya haskaka makwancinki, ya ba ki hutun da kika hana kanki saboda 'ya'yanmu. Ina miƙa ta'aziyyata ga ƙanwarki Aurica wadda ta yi jinyarki, da ɗanki Traian da ya taso daga Italiya, da jikokinki. Allah ya ba su haƙuri, ya ba mu mu ma.

Yanzu kai, Octav. Mun ga furen da ka aiko, da ƙyar ya shiga ƙofar coci. Ya yi kyau, sai dai bai iya lissafi ba. Yara sha ɗaya ne a aji takwas, a watan Yuni za su zauna jarrabawar da za ta yanke makarantar da kowannensu zai shiga, kuma tun da aka binne ta darasi biyar ɗin nan babu kowa a gabansu.

Ranar Asabar, 15 ga Maris, za a yi addu'ar arba'in ɗinta, a raba dafaffiyar alkama a bakin kabari. Ka zo, kuma ka zo da malamin, mu gan shi da ƙafafunsa. In ka zo kai kaɗai, ranar Litinin zan sa yaran nan a motar safe, iyayensu sun riga sun amince. Zan zaunar da su a barandar ofishinka, in jingina allo a jikin ƙofarka, in miƙa maka alli. Kai za ka koyar da su, kuma kullum za mu dawo har ranar jarrabawa.