Itacen Jego

Bagaruwar da ta yi layi a bakin gonarmu, a wani ƙauye kusa da Tamaske, Inna mahaifiyata ce ta dasa ta da hannunta. Lokacin da furoje, wato shirin gyaran ƙasa, ya zo Keita, tana cikin matan da suka ɗauki dutse a ka har gashin tsakar kansu ya zube. Ta jera duwatsu a gefen kwazazzabon da ke cin gonar kowace damina, ta dasa itatuwa a bayansu, ta yi ta kai musu ruwa a tulu. Suka kama, suka riƙe ƙasa, kwazazzabo ya tsaya inda yake. Daga nan Inna ta zama masifa a kansu. Akuyar da ta matso ta sha jifa, mai akuya ya sha zagi. Ni kaina, da gemuna da aikin koyarwata, ban isa in karya ko asuwaki ba.

Sai matar ƙanena ta tafi gidan iyayenta haihuwar fari, shi kuma yana ci-rani a Abijan. A wurinmu mai jego da tafasasshen ruwa take wanka safe da yamma har ta yi arba'in, kuma dangin miji ke kai itacen. Ba a shigar da shi cikin gida. A ƙofa ake jibge shi, duk mai wucewa ya auna da ido, ya san ko ƴar mutane gidan mutunci ta yi aure. Da can, da daji ke daji, wannan ba wahala ba ce. Yanzu tudunmu ƙwal yake, mata su wuni yawo su dawo da ƙirare.

Na ce ga dabara. Na je Keita na sayo butelin gaz da murhunsa, na aika gidan surukai, ina jin kaina wani mai wayo. Ashe ban san garinmu ba. Uwar yarinyar ta ɗora shi a amalanke da rana tsaka, aka ratsa kasuwa da shi, aka dire mana a ƙofa. Kafin la'asar magana ta game gari: gidan mushe, wato ni malamin lakwal, makarantar boko, sun kai wa mai jego tulun ƙarfe, wai ruwan gaz ba ya gasa jiki.

Inna ta daina fita. Ko gaisuwar mutuwa ta makwabta ba ta leƙa ba. Ran nan da safe na tarar da ita tana sallamar masu gatari.

Na ce, "Inna, ina za su?"

Ta ce, "Gona."

"Iccen da kinka sha wuya kansa? In anka sare shi, ruwa na tahiya da gonar ga baki ɗai!"

Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Na hi ka sani. Amma kai ɗiyan lakwal ne, gobe a ɗauke ka a kai wani gari. Ni nan za a bizne ni. Gona ba ta yi mani gori bakin rijiya."

Raina ya ɓaci, na rasa wanda zan zaga. Masu gatari haya aka yi su. Surukai abin da aka yi wa kowa suka nema. Inna kuwa, da ta fi kowa sanin abin da za a rasa, ita ta nuna musu waɗanda suka fi kauri.

Ranar suna tulin itacenmu ya kai tsayin katanga. Mata suka yi guɗa, tsofaffi suka ce an fita kunya. Waɗanda suka yi mana dariya su ne a gaba wurin yabo. Abin da ya fi ƙona mini rai, tulin nan ya zama ma'auni. Duk gidan da aka haihu bayanmu, ba mai yarda nasa ya gaza na gidan mushe, kuma kowa ya san a itatuwan da aka dasa bakin gonaki ake samun irinsa.

Damina ta biyu bayan saran, ruwan sama ɗaya ya kwashe duwatsun, ya tafi da gefen gonar da geron da ke kai. Mutanen gari suka zo jaje, suna cewa ikon Allah. Na karɓi jajensu, don in na faɗi gaskiya sai an ce mushe ya yi saɓo.

Bana matar ƙanena ta sake samun ciki. Inna idonta ya yi rauni, ba ta iya zuwa gona. Makon jiya ta kira ni, ta riƙe hannuna, ta tambaye ni bagaruwa nawa suka rage, kuma ko sa isa.