Zaki da Ɗawisu a Bayan Kamyon Kawu

Ƙofar gidanmu a Tawa cikin lungu take buɗewa kai tsaye. Babu dakali, babu ɗan fili, in ka fito ƙafarka ta farko a kan hanya take sauka. Lungun nan kuwa shi ne hanyar kamyo, wato babbar motar kaya, ta Kawu, ƙanen surukata, wadda muke kira Inna. Da safe ya bi ta gabanmu zuwa kasuwannin ƙauye, Affala ko Takanamat, da yamma ya dawo da buhunan hatsi, tumaki suna kuka a sama. In yana wucewa, tsakanin tayarsa da bangonmu akuya mai ciki ba ta iya ratsawa.

A bayan tayoyin baya akwai abin da masu mota suke kira gardabu, wato roba mai faɗi da ake ratayawa don ta tare laka da tsakuwar da taya ke watsowa. Na sauran mutane baƙaƙe ne, ba mai kallonsu. Na Kawu har Ƙonni aka kai su wurin mai fenti. A ɗaya an zana zaki ya buɗe baki, a ɗayan ɗawisu ya baza jela. Duk rani suna rataye suna lilo, Kawu yana goge su da tsumma kafin ya goge fuskarsa. Amma ranar da ruwan farko ya sauka, sai ya naɗe su sama ya ɗaure da waya. Wai laka tana cin fenti, kuma in mota ta kafe aka ja da baya, taya takan taka robar ta yage ta. Ni ban yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko, shi ya sa har yau ban gane hikimar ba. Abin da aka yi don tare laka, shi ne ake ɓoyewa kada laka ta taɓa shi.

A daminar da nake magana, mazan unguwa suka yi aikin gayya suka cike ramukan lungu da duwatsu. Duwatsu dai a ƙasarmu ta Adar ba a roƙonsu. Aka yi musu sannu da aiki, aka dama musu fura. Washegari kamyon Kawu ya bi ta kai, tayoyinsa na baya, da suke biyu-biyu a manne, suka riƙa tsintar duwatsun nan suna harbawa baya kamar da gwafa. Ina tsakar gida ina tankaɗe na ji ƙau a jikin ƙofarmu ta ƙarfe. Da na duba, ta lotsa, kamar an danna mata babban yatsa.

Lokacin ɗiyata ta fara gudu. Ba abin da take so a duniya kamar ƙarar kamyon nan, don Kawu yakan jefo mata dabino ta taga yana kiranta amaryarsa. Da ta ji rurin inji daga bakin lungu sai ta saki komai ta nufi ƙofa. Na kamo ta na tsayar da ita jikin ƙofar, na dubi lotsawar, na dubi fuskarta. Daidai idonta. Ranar ban iya cin tuwo ba.

Wani zai ce ai sai in je in faɗa. To, ita ce ɗiyata ta fari. A gidanmu da gidan mijina, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta rungumarsa gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. In ya faɗi, sai ki kau da kai kamar kaza ce ta yi tuntuɓe, ki jira wata ta ɗaga shi. Kin sha naƙuda, kin sha ruwan zafi, kin yi ta tashi ba shi nono, amma a bainar jama'a ke da shi ba ku san juna ba. Ni "yarinyar can" nake ce mata, ko "yarinyar Inna". Yaya mai kunya za ta je gaban kawun mijinta ta ce ya sauke zakinsa saboda yarinyar can?

Na fara da maigida, yana cin abinci.

"Ka ga abin da motar Kawu ta yi wa ƙofa?"

"Ƙofar ta kawo miki ƙara?"

"Tsayin yarinyar can ne fa."

"To ki hana ta fita. Ke mi ne aikinki?"

Gaskiya ne, ba ni da aiki. Daka da surfe da wanki da ɗibar ruwa su ke yin kansu, ni ina kwance ina shan iska. Na ce ko zai yi wa Kawu magana ya sauke robar. Ya dube ni kamar na ce ya je ya aske wa Kawu gemu. A kamyon nan ya koyi fatauci, a kansa aka kawo kayan aurena. Ya ce, "Motar da ta shekara da shekaru tana wucewa, wa ta taɓa kashewa?" Na ce babu. Ashe sai an samu na farko sannan magana za ta yi daɗin faɗi.

Sai na koma wurin Inna, na bi ta maganar bango, tunda bango ba ɗan farin kowa ba ne.

"Inna, kun ga yadda motar nan ke ɓata mana bango da laka?"

Ta leƙa ta dawo. "Bangon da mi anka gina shi? Ai ƙari ya samu."

Amma ta kai maganar. Da yamma ta ce mini ta gaya wa ƙanenta cewa ni, amaryar gidan, na damu da bango, shi kuma ya yaba da hankalina ƙwarai, ya ce samun mace mai kula da ginin mijinta sai an tona. Ya yi alkawari bayan damina zai kawo mana laka cike da kamyo a yi sabon yaɓe. Na yi godiya har ƙasa. Na nemi a rage mini laka, an yi mini alkawarin mota guda.

Na gwada akuya, na ce dutse zai karya mata ƙafa. Aka ce a ɗaure ta. Na gwada tulun ruwa da ke zaure, aka matsar da tulun. Duk abin da na ambata sai a cece shi nan take. Wadda ban iya ambata ba tana nan tana tsere zuwa ƙofa safe da yamma, ni ina bin ta da taɓarya a hannu ina yi kamar kaza nake kora. Na ɗaure ƙafarta da ɗankwali jikin turmi, Inna ta kwance ta, ta ce jikarta ba tunkiya ba ce. Na rufe ƙofa da sakata, amma gidan da yara da maƙwabta ke shiga da fita, sakata ba ta daɗewa a rufe. Sai kunnena ya zama mai gadi. Ko ina sallah, rabin hankalina yana bakin lungu, Allah ya yafe mini.

Cikin wannan hali ƙanen mijina, mai karatu a Yamai, ya zo hutu. Ya ji ana dariyar amarya da bangonta, sai ya ce zai kwantar mini da hankali. Ya buɗe salularsa, wato wayar hannu, ya nuna mini wata ƙatuwar mota fara ƙal a ƙasar wasu. Ya ce ba ta shan man gazuwal, kuran ake sa mata, wato wutar lantarki, kamar yadda ake sa wa salula. Ya nuna mini yadda aka rufe tayoyinta da wata rumfa mai lanƙwasa tun daga sama har kusa da ƙasa, ba waya, ba lilo, ko ɗigon ruwa ba ya fita. Na ce ma sha Allah. Sannan ya ƙara da abin da yake ganin shi ne mafi daɗi.

"Kuma ba ta ƙara ko kaɗan, matar yaya. Sai dai ki gan ta gabanki."

Na ce, "Ba a jin zuwanta?"

"Ko kusa!"

Ni da kunne kaɗai ya rage mini. Na tambaye shi yaushe irin motocin nan za su iso Tawa, ya ce da sauran lokaci, sai an samu wutar da za ta ishe su. Ban taɓa yi wa ɗauke wuta addu'ar alheri ba sai ranar.

Abin da nake tsoro ya zo wata yamma bayan ruwa. Ina kwashe tuwo, tukunya a hannuna, na ji inji. Kafin in dire har ta kai ƙofa. Ba dutse ba ne, alhamdu lillahi, laka ce mai yashi ta same ta a fuska kamar mari. Ta dawo tana ihu, ido ɗaya a rufe, dabinon a damƙe a hannunta. Matan maƙwabta suna tsakar gidanmu, don haka Inna ce ta ɗauke ta, ni na ci gaba da kwashe tuwo, har mara ta suɓuce mini ta faɗi cikin toka. Da safe idon ya kumbura ya yi ja. Muka tafi gidan likita, Inna tana goye da ita, ni ina biye kamar ƴar rakiya. Aka wanke, aka fitar da yashi, aka ɗiga magani. Malamar da ta duba ta ta ce an yi sa'a bai karci baƙin ba. Sannan ta tambaya wace ce uwar, na dubi ƙasa, Inna ta nuna ni da haɓa.

Da muka dawo, Kawu yana zaure tare da maigida da wasu dattawa biyu, ana shan shayi. Ya zo dubiya. Ya ga yarinyar da auduga a ido, ya ce, "Ashsha, amaryata! Wa ya taɓa ki? Ko da ido guda ina sonki." Aka yi dariya. Ka'ida ita ce in durƙusa in gaishe su in wuce ciki. Na durƙusa, na gaishe su, sai ƙafata ta ƙi wucewa.

Na ce, "Kawu, don Allah ku sauke robar nan."

Ya ce, "Bangon ne har yanzu? Ai na ce bayan damina."

"Ba bango ba ne, Kawu. Ɗiyata ce. Ni na haife ta, kuma idonta nake so."

Inna ta kama baki. Maigida ya sunkuya yana duba cikin kofin shayinsa kamar wani abu ya faɗa. Ɗaya daga cikin dattawan ya ce, "To fa. Ƴan zamani." Ni kaina na ji kalmar a bakina kamar na fito ba zane. Kawu ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ashe taki ce. Mu da munka ɗauka tsintar ta anka yi." Ba wanda ya yi dariya sosai. Ya kurɓe shayinsa ya tashi.

Washegari kamyo ya wuce da zaki a sauke. Zaki kawai. Shi ne yake gefen ƙofarmu in ana fita da safe. Da yamma in an dawo, gefen ɗawisu ne yake kallonmu, shi kuwa yana nan a naɗe abinsa. Wato an ba ni rabin yini. Na karɓa, don wadda ta riga ta zubar da kunyarta a zaure ba ta da sauran abin da za ta sake kaiwa can. Da la'asar sai in goya ta, duk nauyinta, ƙafafunta suna dukan cinyata, har motar ta shige.

Ba a daɗe ba, a hanyar Takanamat, motar ta kafe a wani kwari. Aka ja da baya, taya ta taka zaki ta raba shi biyu, daidai yadda Kawu ya sha faɗa. Ya kawo rabin da ke da kan, ya shigo har tsakar gida ya ajiye gabana ina wanke-wanke.

"Ga aikinki, uwar ɗiya."

Na ce, "Allah ya ba ku haƙuri, Kawu."

"Haƙuri zai zana mini wani?"

Ranar ya kwance ɗawisu gaba ɗaya, ya wanke shi da sabulu, ya kai ɗakinsa ya kafa a bango. Sannan ya je wurin mai walda ya sa aka yanko masa tsohuwar taya, baƙa, mai kauri, mummuna, aka ɗaura a bayan tayoyin duka biyu da ƙarfe da kusoshi. Ya gaya wa kowa a tasha cewa da gangan ya zaɓi mafi muni, don duk wanda ya ga bayan motarsa ya tambaya, shi kuma ya faɗi wadda ta jawo. Horo ne aka yi mini, kuma na ji jiki ƙwarai. Ina zaune ina jin duwatsu suna bugun baƙar robar nan suna faɗuwa ƙasa a wurin.

Kawu ya yi wata da watanni in na gaishe shi sai ya amsa wa bango. A bakin famfo kuwa mata sun samu abin yi. Da na ajiye bokiti sai wata ta ɗaga murya.

"Uwar ɗiya, ina ɗiyar taki?"

Da farko nakan sunkuyar da kai. Daga baya na ga abin da ya zube ya riga ya zube, sai in ce, "Tana gida tana cin ɗumame. In gaishe ta?"