Karen da Yake Jira a Kakkaɓe Buzu

Na daɗe ina jan ƙafa kafin in rubuta wannan. Sau uku ina sayen kaye, littafin rubutu na 'yan lakol, da niyyar farawa, sai in ajiye shi a ƙarƙashin tabarma har gara ta taɓa shi. Abu biyu suka riƙe ni. Ina jin nauyin a ce mutum mai furfura ya zauna yana rubutu a kan kare. Kuma ina tsoron in faɗi abin da ba haka ya faru ba. Saboda haka inda na manta, zan ce na manta.

A shekarar da aka sauke tutar Faransa aka ɗaga tamu, ina saurayi a ƙauyenmu da ke tsakanin Agiye da Cadawa. Na gama lakol ta firamare ban ci gaba ba, na koma gona. Kakata, uwar babana, a ruga aka haife ta. Bayan an cire amfanin gona 'yan uwanta suka biyo ta wajenmu da shanu, suka kwana biyu, suka bar mata kwikwiyo ja mai fari a ƙirji, an yanke masa bakin kunnen hagu. Ita kuma ta ce nawa ne.

Baba bai so ba. Ya tsaya a bakin ɗakinta ya ce, "Inna, kare cikin gidan da ake salla?"

Ta ce, "Kai da na goya ka karnuka uku na biye da ni, yau kai ne liman?"

Bai iya musu da uwarsa ba, sai ya juyo kaina. Ya ce ranar da karen ya sa baki a randa ko a buta, ko ya taka wurin salla, ranar zai bar gidan, a ba maharba. Na ce na ji. Ban sa masa suna ba, don na ji tsoron kada sunan ya yi kama da na wani bawan Allah. Da fito nake kiransa.

Kaka ce ta koya mini horon. Ta ce kada in buge shi, kada kuma in gaya masa abu ɗaya da magana iri biyu. Na ware masa kaskonsa a bayan rumbu, nan kaɗai yake ci yake sha. Na zuba toka na kewaye randunan ruwa. In ya nufo tokar sai in tafa hannu sau ɗaya in tare shi da ƙafa, in ya juya baya in jefa masa ƙanzo. Cikin sati uku ya daina zuwa wurin, ko da iska ta share tokar. Haka muka yi da madafa. Kaji sun fi ba mu wahala. Sai da Kaka ta sa na ɗaure shi kusa da wata kaza mai 'ya'ya, ta sassare shi a hanci sau biyu, daga nan in kaza ta wuce sai ya kau da kai. Ya koyi zuwa in na yi fito, ya koyi bin bayana ba gabana ba, ya daina ɗaga ƙafafu a kan rigar baƙo.

Salla ce ta rage. Ina da buzu na fatar rago wanda nake zuwa da shi gona da kasuwa. Na koya masa da ya ga na shimfiɗa buzun ya ja da baya kamar taku goma ya kwanta. Wannan bai yi wuya ba. Tashin ne ya zama matsala, kuma laifin nawa ne. Tun ina ƙarami nake da kokwanto a ibada. In yi alwala in sake, don ban tabbata ruwa ya kai gwiwar hannu ba. In sallame salla, sai zuciyata ta ce raka'a uku na yi, in miƙe in sake kabbara. Da farko na sabar masa ya tashi in na yi sallama. Sai ya zamana na sallame, ya taso da gudu yana kaɗa wutsiya, ni kuma na riga na tayar da wata. Rannan saura ƙiris ya hau buzun Baba yana kallo.

Sai na canza. Na ce ba zai tashi ba sai ya ga an ɗaga buzun an kakkaɓe shi. Na yi wata biyu a kan wannan kaɗai. In shimfiɗa buzu in tafi rijiya in dawo. In shimfiɗa in tsaya nesa in yi masa fito, in ya taso in mayar da shi wurinsa ba ƙanzo. Na roƙi Kaka ta riƙa kiransa da ƙashi a hannu. A ƙarshe ko ni na kira shi, muddin buzun yana ƙasa, sai dai ya buga wutsiya a turɓaya ya dube ni.

Kaka ba ta ji daɗin wannan ba. Ta ce, "Ɗan nan, ka bar mishi kira ɗaya da zai tashe shi ko mi ake ciki. Dabba ce, ba ta san uzuri ba."

Na ce, "Kaka, in na bar mishi ɗaya, wata rana wani zai yi irinsa ina cikin sujada."

Ta ce, "To, malam. Allah shi ba ka lada."

Baba kuwa ya sauko. In baƙo ya zo sai ya ce in shimfiɗa buzu a gani. Bai ƙara maganar maharba ba. Shekara ta zagayo karen bai taɓa randa ko buta ba.

Ran wata kasuwar Cadawa, cikin rani, na tafi sayen igiya da kanwa, karen yana biye. Da azahar na shimfiɗa buzu a gindin wata bishiyar bedi a gefen kasuwa, inda mutane suke salla. Shi kuma ya kwanta kusa da wata mai fura. Ina sallamewa wani tsoho ya ce, "Samari, ara mini fatar." Na matsa masa. Yana tayar da kabbara sai ga lokotoro, wato likitan Agiye, wanda ya san ni tun ina lakol, tare da jandarma ɗaya. Suna yawon yi wa mutane lamba saboda agana, kuma mai kiran sunayensu ya kwanta ciwo.

Lokotoron ya nuna motarsu ya ce, "Kai nake nema. Kana karatu, ko? Hau kamyo, ƙauye biyu ne mu komo."

Na kira shi yadda ake kiran ma'aikata da Faransanci, na ce, "Mushe, ina da kare a nan."

Jandarman ya yi dariya ya ce, "Shi ma lambar za a yi mishi? Hau, malam, rana na tahiya."

Na dubi tsohon, yana raka'a ta farko, a hankali yake yi. Ba a janye shimfiɗa daga ƙarƙashin mai salla. Na yi wa karen fito sau biyu. Ya buga wutsiya, bai tashi ba. Na yi tunanin in ɗauke shi a hannu, sai na tuna yawunsa zai taɓa rigata ga la'asar na tafe. Na yi tunanin in gaya wa mai furar ta kakkaɓe buzun in tsohon ya gama, sai na ga in ya tashi bai gan ni ba zai bi sawun mota ya ɓata. Na ce a raina gara ya kwanta inda na san yake. Na hau.

Ƙauye biyun suka zama biyar, har wajen Gazawa. Sai rana ta uku da hantsi aka sauke ni a Cadawa. Ba buzu, ba kare.

Na yi tambaya har na samu gidan mai furar. Ta ce bayan tsohon mutane da yawa sun yi salla a kan fatar, kowa yana zaton ta wani ce, ba wanda ya naɗe ta. Kasuwa ta watse karen yana nan. Ta zuba masa ruwa a sakaina ta tura gabansa, ya sha daga kwance. Washegari da ta fito tallan safe yana nan, ya dai matsa kaɗan ya bi inuwa. Wajen azahar wani makiyayi mai tumaki ya tsaya ya yi salla a kan fatar, ya tambaya ko ta wace ce, ba wanda ya sani. Ya ɗaga ta ya kakkaɓe. Ta ce karen ya miƙe ya yi miƙa, ya dudduba, sannan ya bi bayan mutumin. Arewa suka yi, ko yamma, ba ta tabbata ba.

Na bi kasuwanni har damina ta faɗi. Na je Cadakori sau biyu. Da na gaya wa Kaka yadda aka yi, ba ta ce ta gaya mini ba. Ta tambaya ko ya samu ruwa, na ce ya samu, ta ce to.

Na san karen ya daɗe da mutuwa, mai yiwuwa makiyayin ma haka. Amma 'ya'yansa ko jikokinsa za su iya tuna wani jan kare mai yankakken kunnen hagu, wanda yake kwanciya in an shimfiɗa abin salla. Buzun yana da faci na jar fata a wajen wuya, ni na ɗinka shi. Wanda ya san wani abu, ko a bakin tsofaffi ya ji, ina roƙonsa ya aiko mini ta hannun waɗanda suka buga wannan rubutu. Abin da nake so in sani shi ne ko mutanen sun gane cewa sai an kakkaɓe buzun yake tashi.