Kawu Mai Aski da Gwangwanayen Fure

Kawuna ya shekara talatin yana aski a wani ɗan shago mai kujera biyu da madubi ɗaya. Da gwiwa ta matsa masa, likita ya ce ya rage tsayuwa, sai ya koma buɗe shago da safe kawai. Shi kuwa mutum ne da zaman banza ke sa masa ciwon kai.

Wani direba da yake yi wa aski ne ya kawo masa irin marigol, fure mai ruwan ɗorawa. Farkon damina Kawu ya shuka a tsofaffin gwangwanayen fenti takwas, ya jera su a ƙofar shago. Shukar ba ta kai gwiwa ba, babur ɗin wani ya faɗa kan uku ya karya musu kai. Kawu ya yi faɗa har hularsa ta karkace, sannan ya ɗauko almakashi ya daidaita inda suka karye.

Biyar ɗin da suka tsira suka yi ta tsawo kamar ana jan su, kowanne da fure ɗaya a ka.

"Malam, wannan ai sanduna ka shuka," in ji Goggo, matarsa.

Ukun nan kuwa suka yi rassa ta ko'ina, fure har ba ka ganin ganye. Kawu ya daɗe tsaye yana kallonsu.

"Ashe aski suke so," ya ce. "To, an zo gidan."

Daga nan duk wata sai ya shuka sabo. Ya gano na farkon damina ganye suke sawa a gaba, na ƙarshenta ba sa tsawo amma suna saurin fure, na tsananin zafi kuwa furensu ƙanana ne. Da shuka ta kai taƙi yake tsinke mata kai, furen da ya bushe kuma ba ya kwana.

Goggo ta shuka nata a tsakar gida, ta rantse ba mai taɓa su, wai zalunci ne. Rannan Kawu ya dawo da wuri, ya same ta a tsugune da almakashinsa.

"Me nake gani haka?"

"Ƙwaro nake cirewa," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba.

A shekarar nata sun fi nasa kyau. Kawu bai musa ba, sai dai duk wanda ya yaba, yakan ce ai almakashinsa ne.